Tsohon Laifi da Riƙon Yaro: Nazari kan Yadda Dokokin Amurka ke Tace Dangi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tasirin tsohon hukuncin kotu a kan dangin da ke neman riƙon yaron da hukuma ta raba da iyayensa a Amurka. An dogara da dokokin tarayya na 1997 da 2006 da 2008, da hukunce-hukunce biyu na Kotun Ƙoli, da binciken masana aikata laifuka. Abin da maƙalar ke kafawa shi ne, inda tarihin laifi ya fi yi wa dangi illa shi ne ofishin bayar da lasisin riƙo, domin can ake yanke ko mariƙi zai samu tallafin kuɗi.

Gabatarwa

Dokar Amurka ta daɗe da amincewa cewa iyali bai tsaya ga uwa da uba da 'ya'yansu ba. A shari'ar Moore da birnin East Cleveland ta 1977, Kotun Ƙoli ta soke dokar gidaje da ta sa aka yanke wa wata kaka, Inez Moore, ɗaurin kwana biyar da tarar dala 25 saboda tana zaune da jikokinta biyu waɗanda ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. A 1979, a shari'ar Miller da Youakim, kotun ta hana jiha ta ƙi biyan dangi tallafin riƙo na tarayya don kawai su dangi ne, muddin sun cika sharuɗɗan lasisi. Wannan "muddin" ita ce ƙofar da tsohon laifi ya shigo ta cikinta.

Abin da dokar tarayya ta tanada

Dokar ASFA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Nuwamba 1997, ta wajabta binciken tarihin laifi ga duk mai neman riƙo ko ɗaukar yaro a matsayin ɗa, idan jiha na son gwamnatin tarayya ta sa hannu a kuɗin. Ta raba manyan laifuka gida biyu. Kashi na farko yana hana mutum har abada: cin zarafin yaro ko sakaci da shi, cin zarafin abokin aure, laifi a kan yara, da laifin ta'asa irin su fyaɗe da kisan kai. Kashi na biyu, wato duka da raunata mutum da laifin miyagun ƙwayoyi, yana hana shi na shekara biyar. Da farko jiha na iya zare kanta daga wannan tsari. Dokar Adam Walsh ta 2006 ta toshe wannan kafa daga Oktoba 2008, ta kuma ƙara da binciken zanen yatsu a rumbun bayanan ƙasa baki ɗaya, da duba rajistar masu cin zarafin yara a duk jihar da manyan gidan suka zauna cikin shekara biyar da suka wuce.

Jerin na tarayya gajere ne, kuma sharaɗi ne na samun kuɗi. Jihohi ne suka tsawaita shi, wasu suka cusa laifukan da ba su da wata alaƙa da yara, wasu suka mai da hanin shekara biyar na din-din-din. A 2021 ƙungiyar lauyoyi ta Legal Aid Society ta shigar da ƙarar jihar Niyok a madadin wasu yara, tana cewa tsarin jihar ya hana su zama da danginsu saboda laifukan da suka daɗe da wucewa.

Inda gizo ke saƙar

Dokar 2008 da aka sani da Fostering Connections ta umarci hukuma ta sanar da dangi cikin kwana 30 da ɗauke yaro, ta kuma buɗe wa jihohi hanyar biyan tallafi ga ɗan'uwan da kotu ta danƙa wa riƙo na dindindin. Sai dai kafin ya cancanta, dole yaron ya zauna a gidansa wata shida a jere yana mai lasisi. Wanda bai tsallake binciken laifi ba ba shi da lasisi, wanda ba shi da lasisi kuma wata shidan ba za su fara ƙirguwa ba.

A ƙaddara an ɗauke yarinya 'yar shekara huɗu da daddare, an kira kakarta ta wajen uwa. Jami'ar walwalar yara ta iso, ta duba ɗakin kwana da na'urar gano hayaƙi da inda ake ajiye magunguna, sannan ta nemi sunan duk baligin da ke kwana a gidan. Kakar ba ta taɓa shiga hannun hukuma ba, amma ɗanta, kawun yarinyar, an same shi da laifin ƙwaya shekara uku da suka wuce, yanzu yana aiki yana biyan rabin kuɗin haya. A jihohin da ke binciken kowa da kowa na gidan, zaɓin kakar bai wuce uku ba: ta sallami ɗanta ta rasa mai tallafa mata, ko ta bari a kai jikarta gidan baƙi, ko ta je kotu da kanta ta nemi riƙo ba ta hannun hukuma ba. A hanya ta ukun alƙali na da damar auna laifin da maslahar yarinya, kuma yana iya ba ta. Amma za ta fita da jika babu kuɗin riƙo, sai ɗan tallafin marasa galihu da bai kai na mai lasisi ba. Hukuma ta yarda yarinyar ta kwana a gidan, ta kuma ƙi ɗaukar nauyin kwanan. Idan da gaske gidan na da haɗari, hana shi kuɗi bai rage haɗarin da komai ba.

Wa abin ya fi shafa

Binciken Sarah Shannon da abokan aikinta, wanda mujallar Demography ta buga a 2017, ya ƙiyasta cewa zuwa 2010 kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Amurka na ɗauke da hukuncin babban laifi, amma a tsakanin maza baƙar fata adadin ya kai kusan kashi 33. Yaƙi da ƙwaya na da babban kaso a wannan: dokar 1986 ta sa giram ɗaya na ƙulallen hodar ibilis ya ja hukuncin giram 100 na garinta, ba a kuma rage tazarar zuwa 18 ba sai a 2010. Unguwannin da aka fi yin kame a cikinsu a lokacin su ne waɗanda aka fi ɗauke wa yara, kamar yadda Farfesa Dorothy Roberts ta daɗe tana nunawa. Samarin da aka ɗaure a shekarun 1980 da 1990 su ne kakanni da baffanni na yau.

Ko tsohon laifi na hasashen sabo?

Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura sun bi diddigin mutanen da aka fara kamawa a Niyok a 1980. A rahotonsu na 2009 sun gano cewa wanda ya kiyaye kansa na wasu shekaru, yiwuwar a sake kama shi tana sauka har ta yi daidai da ta sa'o'insa: kusan shekara huɗu ga wanda aka kama da fasa gida yana ɗan 18, kusan takwas ga ɗan fashi. Binciken bai shafi cin zarafin yara ba, don haka ba hujja ba ce ta sassauta wa wanda ya yi lalata da yaro. Wannan hanin a wurinsa yake. Abin da binciken ya raunana shi ne hanin har abada a kan laifukan dukiya da ƙwaya. A ɗaya ɓangaren, bitar da Marc Winokur da abokansa suka yi wa nazarce-nazarce 102 a 2014 ta nuna yaran da ke hannun dangi sun fi zama wuri guda, matsalar ɗabi'a kuma ta fi ƙaranci gare su. Jerin laifuka yana lissafa haɗarin kawu, ba ya lissafa asarar yaron da ake ta sauya wa gida.

Mai karatun da ya san fiƙihun Malikiyya zai tuna cewa amana na cikin sharuɗɗan hadana, wato riƙon yaro, kuma fasiƙin da ake tsoron ya gurɓata yaro ba a ba shi riƙo. Sai dai halin da mutum ke ciki a lokacin shari'a alƙali ke dubawa, tuba kuma tana da nauyi.

Gyare-gyaren baya-bayan nan

Jihar Kalifoniya ta matsa kusa da wannan fahimta da dokar SB 354, wadda ta fara aiki a Janairu 2022, ta ba alƙali ikon sanya yaro a gidan ɗan'uwa ko da yana da tarihin laifi, idan ya gamsu babu barazana ga lafiyar yaron. A Satumba 2023 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta yarda jihohi su tsara wa dangi sharuɗɗan lasisi nasu na daban. Duka biyun ba su taɓa jerin 1997 ba, domin Majalisar Dokokin Tarayya ce kaɗai ke iya gyara shi. Duk jihar da alƙalinta ya amince da mai laifin da ke cikin wannan jeri, daga baitulmalinta za ta biya kuɗin riƙon, ko ta bar wa dangin.