Cibiyar Oxford da Sabon Ma'aunin Talauci

A shekarar 2007 aka kafa cibiyar nazarin talauci da ci gaban ɗan Adam, wadda aka fi sani da OPHI, a Jami'ar Oxford ta ƙasar Ingila, Sabina Alkire kuma ita ce shugabarta. Tushen tunanin cibiyar daga Amartya Sen ya fito, masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, wanda ya daɗe yana jan hankalin masana cewa kuɗin da ke shiga hannun mutum bai isa ya nuna irin rayuwar da yake iya yi ba.

Alkire da James Foster ne suka mayar da wannan tunani lissafi. Daga 2010, tare da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cibiyar ke fitar da ma'auni mai duba lafiya da ilimi da yanayin zama ta alamomi 10: abinci mai gina jiki, mutuwar yara, shekarun karatu, zuwa makaranta, makamashin girki, banɗaki, ruwan sha, lantarki, muhalli da kayan da aka mallaka. Gidan da rashinsa ya kai kashi ɗaya bisa uku na nauyin alamomin, talaka ne.

A ganina, ƙarfin wannan hanya yana cikin abu guda: gida take bi. Ma'aikatar ilimi tana da adadin yaran da ba sa makaranta, ta lafiya tana da na masu tamowa, amma babu wadda za ta gaya maka ko yaron nan mai tamowa shi ne dai wanda ba ya karatu, kuma uwarsa ce ke tafiyar fiye da rabin awa kafin ta kawo ruwa. Ma'aunin yana nuna inda rashi ya hau kan rashi, can ne talauci ya fi wuyar fita. Mai tsara kasafi da ya gane haka ba zai gina aji ya bar ƙauyen babu rijiya ba.

Masu suka suna da hujja. Wa ya ce nauyin lafiya daidai yake da na ilimi? Ai zaɓi ne na mutane. Haka kuma ɗaukar gida a dunƙule yana ɓoye bambancin da ke tsakanin ɗa da 'ya, ko tsakanin ɗakin uwargida da na amarya. Suka ta biyun tana nan daram. Ta farkon kuwa ban ɗauke ta aibi ba, domin zaɓin a fili yake, kowa na iya jayayya da shi, kowace ƙasa kuma na iya sauya shi. Meziko ta yi nata tun 2009, Kolombiya ta biyo a 2011.

Nijeriya ma ta yi. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda OPHI ta taimaka wajen tsarawa, ya ƙara ɓangare na huɗu: aikin yi da masifu masu faɗowa, ciki har da rashin tsaro. Ya gano mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, a cikin talauci, alhali lissafin kuɗi na 2018 zuwa 2019 kashi 40 ya nuna. Sakkwato ta kai kashi 91, Ondo 27. Rahoton ya rarraba alƙaluman har zuwa mazaɓun sanatoci 109, abin da ya ba jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya damar su tambayi kowace gwamnatin jiha wace alama ta rage a yankinta, kuma da nawa.