Giya da Guba a Tsibirin Sarandib

Tsibirin da Larabawan dā suka sani da Sarandib, wanda a yau ake kira Siri Lanka, ya daɗe da sana'ar tatsar ruwan furen kwakwa, inda mai tatsa yakan taka igiyar da aka ɗaura daga kan wannan itace zuwa wancan, ya sauko da ruwan da ake dafawa ya zama giyar arak. Da Turawan Ingila suka mallaki ƙasar kuwa, sai suka mai da giyar hanyar kuɗin shiga, suna sayar da izinin mashaya ga wanda ya fi tayi, har mabiya addinin Buda suka tashi da gangamin yaƙi da shaye-shaye a 1912.

Amma al'ada ta riga ta yi rabonta. Kwalba ta namiji ce: saurayi yakan fara kurɓa a wajen biki cikin sa'o'insa, in arak ta yi masa tsada ya koma ga kasippu, wadda ake dafawa a ɓoye a bayan gari, kuma ba a cika ganin aibinsa ba. Mace kuwa, dokar 1979 ta hana a sayar mata, kuma da ministan kuɗi ya ɗage hanin a Janairun 2018, bayan kwanaki kaɗan Shugaba Sirisena ya maido shi. Abin da aka ɗora wa budurwa shi ne kunya da kame baki, ta yadda in uwa ta tuhume ta da kula wani yaro, ko uba ya ci mutuncinta a gaban maƙwabta, ba ta da izinin mayar da kalima ko ɗaya.

Daga shekarun 1960, da aka cika ƙauyukan manoman shinkafa da magungunan ƙwari masu tsananin dafi, wannan rabo ya zama musiba, domin gubar tana nan a rataye a ɗaki, kuma fushin sa'a guda ya isa ya sa mutum ya sha ta. A 1995 masu halaka kansu sun kai kimanin 47 cikin kowane mutum 100,000, adadin da ke cikin mafi muni a duniya. A asibitocin yankin Anuradhapura an lura cewa a tsakanin matasa 'yan mata sun fi yawa cikin waɗanda ake kawowa, galibi bayan wata husuma ta cikin gida, da yawansu kuma ba mutuwa suke nufi ba, so suke a ji kukan da aka hana su furtawa. Alhali maza, waɗanda sau da yawa suke aikatawa cikin maye, su suka fi yawa cikin mamata.

Hukuma ta yi abin a yaba, don ta haramta mafiya dafin magungunan a 1984 da 1995 da 1998, ta ƙara wasu daga 2008 zuwa 2011, har masana suka ƙiyasta cewa an tsirar da rayuka 93,000 tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai faɗi ba. Sai dai abin da ya fi ci mini rai shi ne dalilan da masu bincike suka yi ta ji daga bakin 'yan matan da suka farfaɗo, wato mayen uba, da dukan da yake yi wa uwa in ya dawo da dare, da bashin da shan ya jawo wa gida, waɗanda duk haramta maganin ƙwari bai taɓa su ba.