Zanzaron Italiya a Hanyar Ƙaraye

Idan aka ce babur ɗin Italiya, yaran yanzu Ducati ce ke faɗo musu a rai, wato jan babur ɗin tseren nan da suke gani a wayoyinsu yana shan kwana har gwiwar mahayinsa tana gogar kwalta. Amma iyayenmu a Ƙaraye da Rogo sun riga su sanin ƙirar Italiya da shekaru masu yawa. Sun hau ta zuwa makaranta da ofishin hakimi da masallacin Juma'a, sun ɗauko mata da yara a kanta, sun kuma koyi jin ciwonta da kunne. Sunanta a takarda Vespa, mu kuwa Besfa muke ce mata.

Kamfanin Piaggio da ya ƙera ta ba da babur ya fara ba. Tun 1884 yake aikin kayan jiragen ruwa, daga baya ya shiga na jiragen ƙasa da na sama. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, bama-bamai sun rugurguza masana'antarsa ta garin Pontedera, mutanen Italiya kuma ba su da kuɗin mota. Sai Enrico Piaggio ya sa wani injiniyan jiragen sama mai suna Corradino D'Ascanio ya zana masa abin hawa mai araha. Abin dariyar shi ne D'Ascanio ba ya son babur ko kaɗan. Yana ganin sarƙa tana ɓata tufa da baƙin mai, sauya taya wahala ce, hawa kuma sai mutum ya ɗaga ƙafa kamar zai hau jaki. Duk abin da ya tsana sai ya cire. Ya manna injin kai tsaye da tayar baya, babu sarƙa. Ya rufe shi da murfin ƙarfe. Ya bar fili a tsakiya inda za a ajiye ƙafafu, ya sa garkuwa a gaba mai tare ƙura da taɓo, ya kuma riƙe tayar gaba da hannu ɗaya kamar ƙafar jirgin sama. A watan Afrilun 1946 aka yi wa ƙirar rajista, kafin 1956 ta wuce an ƙera miliyan guda.

Kalmar Vespa a harshensu sunan ƙwaron nan ne mai siririn ƙugu, dangin rina da zanzaro. Sai ga shi a ƙasarmu ta faɗa hannun masu yin zanzaro da riga: malaman makaranta, akawuna, malaman asibiti, malaman gona. Ko Bature ya shirya haka, ba zai yi daidai fiye da wannan ba.

Kuɗin sayenta kuma suna da tarihi. A farkon 1975 ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin Udoji, har da bashin watannin baya a dunƙule. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka kuma yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Makarantu suka yaɗu zuwa ƙauyuka, aka ɗebi malamai da yawa, ga kuma rancen abin hawa da ake ba ma'aikata ana cira a albashi. Mutumin da jiya yake taka keken Raleigh daga gari zuwa makarantar da aka tura shi, yau ya sami halin babur. Akwai Honda da Suzuki da Yamaha na Japan a kasuwa, kuma a gaskiya sun fi dacewa da hanyoyinmu. Tayar Besfa ƙarama ce, inci takwas ko goma, idan ta shiga yashi sai ta fara rawa, idan damina ta zaizaye hanya ramuka su hadiye ta. Duk wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Rogo a watan Agusta ya san ba don su aka yi ta ba. To me ya sa dattawa suka nace mata?

Babbar riga ce amsar. Mai malum-malum da rawani yana zama a kan Besfa kamar yadda yake zama a kujera, ya tattara rigarsa a cinya, babu sarƙar da za ta cafke ta, babu inji mai zafi tsakanin ƙafafu. Ya isa wurin ɗaurin aure fes, ba ɗigon mai a wando. Yaro ya tsaya a gaba ya riƙe kan babur, uwargida ta zauna a baya ta gefe ɗaya. Injiniyan da ya yi tunanin kwat ɗin Bature da siket ɗin matarsa, bai san ya warware wa Bahaushe matsala ba. Shi ya sa Besfa ta zama abin hawan kamala, ta liman da hedimasta da alhajin da ba ya son a gan shi yana gudu.

Sai aka shiga 1986. Gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, aka karya darajar kuɗi. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya, a 1987 kuwa sai an ba da wajen naira huɗu kafin a sami dala. Sabon babur ya fi ƙarfin albashin malami, kayan gyara na asali suka yi tsada. Daga nan ne tarihin Besfa a wurinmu ya bar hannun kamfani ya koma hannun bakanike, kuma a ganinmu nan ne ya fi daɗin ji.

Injin tsohuwar Besfa mai bugu biyu ne. Ba shi da bawul irin na injin mota, ba shi da tukunyar baƙin mai da ke shayar da fistin. A cikin fetur ake zuba man, kashi biyu cikin ɗari ga mafi yawan waɗanda suka zo mana, wato kimanin mililita 20 a kowace lita. Idan an rage, fistin ya yi zafi ya kame a tsakiyar tafiya. Idan an cika, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe da gawayi har sai an cire ta an ƙona. Bakanike na gari yana kwance fulogi ya dubi launin bakinsa, ya gaya maka halin mai babur ɗin: ko marowaci ne, ko mai sayen gurɓataccen mai a kwalba, ko wanda ke barin kafireta ta sha ƙurar hunturu. Giya a hannun hagu take, ana murɗa ta tare da kama kuloci, wayoyi biyu ne ke jan ta a ƙasa, kuma daidaita tsayin waɗannan wayoyi shi ne jarrabawar yaron gareji. Cikin akwatin giyar akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar gicciye wanda idan ya cinye, babur ya riƙa fitar da giya da kansa a kan tudu. Wuta kuma daga wasu 'yan ƙarafa biyu take da ke buɗewa suna rufewa a bayan fankar inji, ana goge su da 'yar takardar yashi, a gwada tazararsu da ido.

Hatta tayar an yi ta ne don mutumin da ke nesa da mai faci. Gaba da baya iri ɗaya ne, ga safaya a maƙale, bakin ƙarfen kuma gida biyu ne da aka ɗaure da notuna, ana kwancewa tub ya fito ba tare da an yi kokawa ba. Akwai kuma dabarar nan da kowa ya sani: idan ta ƙi tashi da safe, a karkata ta ɓangaren inji na ɗan lokaci, a miƙe ta, a buga. Mutanen Indiya ma haka suke yi wa tasu.

Ambaton Indiya ba a banza ba ne, domin ta can ne Besfa ta sami tsawon rai. Tun 1960 kamfanin Bajaj yake ƙera ta da izinin Piaggio. Da yarjejeniyar ta ƙare a 1971 bai daina ba, sai ya fito da tasa mai suna Chetak a 1972, kusan jini ɗaya. Wani kamfanin Indiya, LML, ya yi ta ƙera kwafin Vespa PX, samfurin da ya fara fita a 1977. Saboda haka bakaniken da ya rasa fistin ko ringi ko kuloci na Italiya yana samun na Indiya a shagunan kayan babur na Kano, wani ya shiga daidai, wani sai an ɗan sassaƙe shi. Silinda ta cinye, a kai wa masu injin huda ƙarfe su faɗaɗa ta a sa fistin mai girma kaɗan. Gaskit ya ƙare, a yanka daga kwali mai kauri. Masu hali suka sauya tsohon tsarin wuta da na lantarki wanda ba ya buƙatar gogewa. Sauran ƙarin kuwa na ado ne, kuma namu ne: rigar kujera ta fata, darduma a wurin ƙafa, gilashin tare iska, madubai fiye da buƙata. Besfa da yawa da suka kai shekara talatin a kan hanya, gangar jikin ce kawai ta rage daga Pontedera.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan aiki. Sau da yawa ana miƙa mana tsohon tsari wanda masu gina shi sun daɗe da tafiya, babu takardar bayani, a ce mu riƙe shi da rai. Idan ana iya buɗe cikinsa a karanta, ko ya tsufa ana lallaɓa shi. Idan a kulle yake, ranar da mai mabuɗi ya juya baya ranar ya mutu. Besfa a buɗe take. Sifana uku da sukudireba da kunne mai kyau sun isa a karanta ta daga farko har ƙarshe, a gindin bishiyar darbejiya.

Abin da ya ture ta daga hanya sana'ar acaɓa ce. Mai ɗaukar fasinja da buhun masara daga Zarewa zuwa kasuwa yana son manyan tayoyi da doguwar kujera da rashin shan mai. Jincheng ta Sin ta fara cika gari, sannan Boxer ta Bajaj mai bugu huɗu ta zo ta mamaye. Boxer kam ba jikar Besfa ba ce, ta fito ne daga haɗin gwiwar Bajaj da Kawasaki na Japan. Jikar tana wani wuri. A 1948 Piaggio ya ɗauki gaban Vespa ya haɗa masa tayoyi biyu da akwatin kaya a baya, ya sa masa suna Ape, wato ƙudan zuma. Daga wannan ne keken Indiya mai ƙafa uku ya samo asali, shi ne gwamnatin Obasanjo ta yaɗa da sunan Keke NAPEP, shi ne kuma ya gaji sunan shirin A Daidaita Sahu na zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Da aka hana goyo a babur cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, ɗan sahu ya zama sarkin titi. Idan ka leƙa tayar gabansa, za ka ga hannu ɗaya ne ke riƙe da ita, ƙafar jirgin D'Ascanio tana nan.

Ilimin inji mai bugu biyu kuwa bai ɓata ba. Ya koma kan ƙaramin janaretan da ake haɗa wa mai da fetur. Hannayen da suka saba da kafiretar babur su ne kuma ke tayar da injinan ban ruwa na manoman rani a kewayen madatsar Challawa da aka kammala a 1992.

Ita Ducati ɗin fa? Ita ma daga talauci ta taso. Kamfanin 'yan'uwa ne a birnin Bologna da ya fara da kayan rediyo a 1926, kuma a 1946, shekarar haihuwar Vespa, ya fara ƙera wani ɗan inji da ake maƙala wa keke. Da wannan ne ya iso Ƙaraye, da ya sami masoya. Amma a 1954 injiniya Fabio Taglioni ya shigo ya karkata kamfanin zuwa tsere. Shi ya kawo tsarin da Ducati ta shahara da shi, inda maimakon sifirin ya mayar da bawul wurinsa, wani hannun ƙarfe ne ke rufe shi kamar yadda wani ya buɗe shi. Hakan na ba inji damar juyawa da tsananin sauri ba tare da bawul ya rikice ba. Kuɗin wannan gwaninta a gareji ake biyansa: kowane bawul wuri biyu ake aunawa, da 'yan ƙarafan cike gurbi da bambancinsu bai kai kaurin gashi ba, kuskure kaɗan ya lalata kan inji. Su kansu sun san nauyin abin, domin da suka fito da Multistrada V4 ta doguwar tafiya a 2020 sun koma wa sifirin, suka ce sai bayan kilomita 60,000 za a duba bawul.

Wannan duk aikin hannu ne, kuma ba mu shakkar bakaniken da ya iya faɗaɗa silinda zai koye shi idan ya sami ma'auni. Inda gizo ke saƙar shi ne kwamfutar da ke cikin babur ɗin. Ita ke auna mai da iska, ita ke gane mabuɗi, ita ke kunna fitilar da ke cewa lokacin gyara ya yi, kuma akwai abubuwan da ba ta yarda a taɓa sai da na'urar dillalin kamfani. Mai irin wannan babur a Kano, su ne ake ce wa masu fawa-bayik, zai iya samun gwanin da ya gyara ƙarfen tsaf, fitilar kuma ta ƙi mutuwa.

Kada a ɗauka wannan matsalar 'ya'yan masu kuɗi ce kawai. Dokokin rage hayaƙi su suka kashe Vespa PX a Turai wajen 2017, shekarar da LML ma ya durƙushe, Chetak mai fetur kuwa ta riga su tafiya. Kayan Besfa yanzu ragowar shaguna ne da abin da aka ciro daga gawar wata. Tun watan Afrilun 2020 Indiya ta tsaurara tata dokar, baburan cikin gidanta suka koma amfani da na'urar lantarki wajen ba inji mai. Waɗanda ake kawo mana har yanzu da kafireta suke zuwa, amma masana'antun da ke ƙera su ɗaya ne, ga kuma baburan batir sun fara shigowa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A sababbin baburan Turai akwai wata 'yar jar mahaɗa mai baki shida, galibi a ƙarƙashin kujera, inda ake jona na'ura a karanta abin da ke damun inji. Da ƙaramar na'ura mai araha da wayar hannu ana iya karanta wani ɓangare na abin da take faɗa, sauran kuwa kamfani ya riƙe. Yaron da ke wanke kafiretar Boxer a bakin tashar Rogo yau, da wayar a aljihunsa yake aiki, amma maigidansa bai taɓa ganin wannan mahaɗa ba balle ya koya masa.