Jim Rockford: Mai binciken da ke tono shari'o'in da ƴan sanda suka rufe

Jim Rockford shi ne jarumin jerin wasan kwaikwayon talabijin na Amurka mai suna The Rockford Files, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da 200 dollars plus les frais. Tashar NBC ce ta nuna shi daga watan Satumban 1974 zuwa Janairun 1980, zango shida, kashi sama da 120. Roy Huggins da Stephen J. Cannell ne suka ƙirƙiro shi, James Garner kuma ya fito a matsayin Rockford. Sunan Faransancin ya samo asali ne daga ladan da yake yanka wa masu ɗaukarsa aiki: dala 200 a kowace rana, ban da kuɗin ɗawainiya.

Wane ne Rockford?

Mai bincike ne mai zaman kansa, ba ɗan sanda ba. A labarin, ya yi shekara biyar a kurkukun San Quentin bisa laifin fashi da makami da bai aikata ba, daga baya aka yi masa afuwa. Yana zaune a wata tsohuwar tirela da aka mai da ita gida a bakin teku a Malibu, jihar Kalifoniya, nan ne kuma ofishinsa. Ba shi da sakatariya, sai na'urar ɗaukar saƙon tarho. Da muryar wani mai bin sa bashi ko mai ƙorafi ake buɗe kusan kowane kashi.

Ya bambanta da sauran jaruman zamaninsa. Bindigarsa tana ajiye a cikin tulun biskit, ba ya son fita da ita. Ya fi dogara ga baki da dabara: yakan buga katin aiki na bogi a cikin motarsa ƙirar Pontiac Firebird, ya shiga ofis da sunan ma'aikacin inshora ko jami'in gwamnati. Duka kuwa yana sha, kuma sau da yawa aiki kan ƙare ba a biya shi ba.

Ƙa'idarsa ita ce ba ya taɓa shari'ar da ke hannun ƴan sanda, don gudun rasa lasisinsa. Waɗanda aka rufe yake karɓa. Saboda haka masu zuwa wurinsa galibi mutane ne da hukuma ta riga ta juya wa baya.

Mutanen da ke kewaye da shi

Mahaifinsa Rocky, wanda Noah Beery Jr. ya fito a matsayinsa, tsohon direban babbar mota ne, kullum yana roƙon ɗansa ya bar wannan sana'a ya kama tuƙi. Saje Dennis Becker na ƴan sandan Los Angeles abokinsa ne da ke duba masa lambar mota a ɓoye, manyansa na harararsa. Beth Davenport lauyarsa ce mai fito da shi daga hannun hukuma. Sai Angel Martin, abokin zamansa a kurkuku, maƙaryaci kuma matsoraci, wanda ya fi kowa jefa shi cikin rigima.

Wasu fitattun bincikensa

Backlash of the Hunter, 1974. Da wannan fim aka gwada shirin a watan Maris. Wata budurwa, Sara Butler, ta ƙi yarda a bar mutuwar mahaifinta ta tafi a banza don kawai mashayi ne marar galihu. Bin sawu ya kai Rockford ga wata attajira da mijinta ya rasu da kuma wani ɗaurin aure da aka yi a Las Vegas.

The Kirkoff Case, 1974. Kashin farko ke nan. James Woods ya fito a matsayin magajin dukiya da kowa ke zargi da kashe iyayensa, har shi Rockford ɗin da ya ɗauka aiki.

The Hammer of C Block, 1976. Mawaƙi Isaac Hayes ya fito a matsayin Gandy Fitch, wanda ya yi shekara 20 a ɗaure bisa kisan matar da yake tare da ita. Ya tilasta wa Rockford nemo wanda ya kashe ta. Binciken ya wanke shi daga kisan, amma ya nuna masa cewa azabar da ya gana mata ce ta kai ta ga kashe kanta.

So Help Me God, 1976. Juanita Bartlett ce ta rubuta shi. An kira Rockford gaban kwamitin ƴan ƙasa da ke zama a asirce don tantance ko za a gurfanar da mutum a kotu. Dokar Amurka ba ta barin lauya ya shiga ɗakin tare da mai ba da shaida. Mai gabatar da ƙara ya matsa masa kan abin da bai sani ba, aka kulle shi bisa raina kotu. Kashin ya ƙare da rubutu a allo yana shaida wa masu kallo cewa doka ta halatta abin da suka gani.

The House on Willis Avenue, 1978. Mutuwar wani tsohon mai bincike ta kai Rockford da matashin abokin aikinsa Richie Brockelman ga wani kamfani da ke kafa cibiyar kwamfuta ta sirri don tara bayanan jama'a. An nuna shi tun kafin intanet ta shiga gidaje, amma tambayar da ya ɗaga tana nan ga duk mai riƙe da wayar salula: wa ke ajiye bayananka, kuma wa yake sayar wa?

Kyaututtuka da ƙarshen shirin

Garner ya ci kyautar Emmy a 1977, shirin kansa ya ci ta gwarzon wasan kwaikwayo a 1978. Stuart Margolin, wato Angel, ya ci sau biyu, a 1979 da 1980. Kiɗan buɗe shirin, na Mike Post da Pete Carpenter, ya samu kyautar Grammy. Cikin marubutansa akwai David Chase, wanda daga baya ya ƙirƙiro The Sopranos. Tom Selleck ma ya fito a kashi biyu kafin ya zama Magnum.

Garner yakan yi yawancin gudu da faɗa da tseren mota da kansa, har gwiwoyinsa da bayansa suka gaza. Aka dakatar da ɗauka a tsakiyar zango na shida. Daga bisani ya maka kamfanin Universal a kotu kan rabon riba, suka sasanta a 1989. Tsakanin 1994 da 1999 ya dawo da Rockford a fina-finan talabijin takwas a tashar CBS. Ya rasu ranar 19 ga Yulin 2014 yana da shekara 86.