Wa Ke da Rijiyar? Labarin Baƙon Jarumi daga Fadar Adar zuwa Albasar Galmi

A tarukan horo da ake shirya wa ƙungiyoyin manoma da masu sana'ar hannu, sau da yawa akan ji mai koyarwa yana cewa kaya ba sa sayar da kansu, labari ne ke sayar da su. Daga nan sai ya zana da'ira a allo: ga jarumi a gidansu, ga kiran da ya fitar da shi, ga dattijon da ya ba shi makami, ga dodon da ya kashe, ga shi ya komo da abin da zai amfani jama'a. Sai a ce wa mahalarta su zuba tarihin sana'arsu cikin wannan zubi. Darasin yana da nasa tarihi, kuma mutanen Kwanni da Malbaza da Illela sun san irin wannan labari tun kafin allon ya zo.

Da'irar ta fito ne daga hannun Joseph Campbell, wani malamin adabi na Amurka, wanda a 1949 ya wallafa littafi yana mai cewa hikayoyin jarumai na duniya, komai bambancin harsunansu, labari ɗaya ne da ke sauya fuska. Ya kasa tafiyar jarumi zuwa matakai 17. George Lucas ya faɗa da bakinsa cewa littafin ya taimake shi wajen tsara fim ɗin Star Wars na 1977. A tsakiyar shekarun 1980 Christopher Vogler, wanda ke tace labaran fim a kamfanin Disney, ya taƙaita matakan zuwa 12 cikin wata ƴar takarda mai shafi 7, ya kuma mai da ita littafi a 1992. Wurin masu fim ne masu talla suka yi aro. A 2017 Donald Miller ya juya abin: a nasa tsarin mai saye shi ne jarumi, kamfani kuwa shi ne dattijon da ke nuna hanya.

Duk malamin da ya taɓa karantar da labarin Bayajida zai gane zubin nan da kallo ɗaya. Ɗan sarki ya baro Bagadaza, ya sauka Borno, ya gudu daga makirci, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare, tsohuwa Ayana ta gaya masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a, ya je Kusugu ya sare kan macijiya, sarauniya ta aure shi. Da Campbell ya ji wannan, da ya ce tafiya ce ta cikin zuciya, mutum yana yaƙi da tsoronsa har ya balaga. Masu ba da labarin a fada kuwa hankalinsu na kan wani abu dabam, wato rijiyar. Labarin hujja ce da ke bayyana dalilin da ya sa zuriyar wanda ya zo daga nesa take mulkin waɗanda ya tarar. Kowane labari irin wannan yana amsa tambayar wa ke da iko da ruwa, da ƙasa, da hanya.

Ƙasar Adar tana da nata misali, wanda kuma tarihi ne tabbatacce. Djibo Hamani, a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, ya bi sawun Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, wanda ya yaƙi Kabi a 1674 ya fitar da Adar daga hannunta. Daga baya ya hau gadon Agadas, aka tuɓe shi a 1721, ya dawo Adar ya zauna, kuma daga zuriyarsa ne sarakunan Adar na Illela suka fito. Ga ɗan sarki daga nesa, ga yaƙin da ya ƴantar da ƙasa, ga hijira, ga kafa gidan sarauta. Sai dai Agabba bai tarar da Adar kango ba. Aznan da ke noma duwatsu da kwarurukan nan sun riga shi, kuma sun ci gaba da riƙe al'adun da suka shafi ƙasa da shuka da farauta. A bakin maroƙin fada su ne jama'ar da aka cece su. A nasu bakin su ne masu wurin.

Fatake ne suka ɗauki irin wannan labari daga fada suka kai shi kasuwa. Paul Lovejoy, a binciken da aka buga masa a Zariya a 1980 kan ayarin goro, ya nuna cewa fataucin Gwanja a ƙarni na 19 yana hannun ƙungiyoyi uku ne galibi: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Kowace tana da labarin asalinta, wato inda kakanni suka taso, da hanyar da suka biyo, da garin da suka sauka, har da tsagar fuska da ke shaida hakan. Mai karatu ya tuna cewa tafiya daga Kano zuwa Salaga da dawowa takan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara, ba banki, ba takardar yarjejeniya, ba alƙalin da hukuncinsa ya ratsa Borgu. Falke ya sauka zango bai san kowa ba, ya faɗi asalinsa, mai masauki ya gane sunan gidan, ya ba shi ɗaki, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa lamuni. Asali jari ne da ba a ɗora wa jaki, ƴan fashi kuma ba sa ƙwace shi.

Akwai kuma abin da labarin yake rufewa. Kakannin Agalawa da Tokarawa da yawa Bugaje ne, wato mutanen da ke ƙarƙashin Abzinawa, waɗanda suka gangaro kudu zuwa ƙasar Katsina da Kano. Sabon suna da labarin ƙaura sun ba jikokinsu damar shiga kasuwa a matsayin fatake masu gida, ba tare da tsohon matsayi yana binsu ba. Ban ga abin zargi a nan ba. Mutanen da aka haifa a ƙasan tsani sun gina wa kansu mutunci da abin da suke da shi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, daga gidan Agalawa ya fito, kuma labarin da ake yawan bayarwa a kansa, na raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa zuwa banki a 1929, shi ma ya zama irin abin da jarumi kan komo da shi gida.

Sai dai a nan ne zubin Campbell ya fara matse wa ɗan kasuwar Hausa ƙafa. Emmanuel Grégoire, da ya yi nazarin alhazan Maraɗi a littafinsa na 1986, ya sami tafarki kusan iri ɗaya a rayuwarsu: yaro ya fara a matsayin bara, ubangida ya jarraba shi da ƙananan aike, ya ba shi jari, ya tsaya da ƙafarsa, ya je Makka, ya tara nasa barorin. Ma'aunin nasara shi ne arzikin mutane. Jarumin Campbell yakan rabu da dattijo a bakin daji ya shiga shi kaɗai. Attajirin da ya ba da labarinsa a Maraɗi ko Kwanni ya tsallake sunan ubangidansa kuwa, masu sauraro ba jarumta za su ji ba, butulci za su ji, kuma wanda aka sani da butulci ba a ba shi kaya bashi.

Albasa ce ta kawo wannan tsohuwar magana gaban hukuma a zamaninmu. Galmi tana gundumar Malbaza, a kwarin Majiya, kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ba nisa da Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, da kuma Kwanni inda ake ratsewa zuwa Sakkwato. Manoman wannan kwari sun daɗe suna zaɓen irin albasarsu mai launin shuni, mai yaji, mai jure ajiya a rudu. A shekarun 1960 da 1970 masu binciken cibiyar IRAT ta Faransa suka tace iri daga wannan albasa ta manoma, aka san shi da Violet de Galmi, sannan cibiyar INRAN da aka kafa a 1975 ta gaji aikin. Manyan motoci suka kai sunan har Akra da Abijan da Kwatano, inda ake saye da sayarwa bisa amana da masauki, kusan yadda fataken goro suka yi, sai dai kayan yanzu daga arewa suke gangarawa.

A 2006, shekarar da sashen kare sababbin iri na yarjejeniyar Bangi ya fara aiki, kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal ya nemi hukumar OAPI mai mazauni a Yawunde ta ba shi takardar mallakar iri da sunan Violet de Galmi. Da maganar ta fito fili wajen 2009, ƙungiyoyin manoma da gwamnatin Nijar suka ƙi amincewa, kuma a ƙarshe kamfanin ya bar sunan ya koma Violet de Damani. Idan aka zuba wannan cikin da'irar allo, wanda ya zo daga nesa da makami, wato takarda da ilimin ɗakin gwaji, shi ne ya kamata ya zama jarumi. Abin da ya kare sunan kuwa shi ne labarin waɗanda aka tarar. Doka ta ce ba a ba da takarda sai ga iri sabo, wanda ya bambanta da waɗanda aka riga aka sani, hujjar Nijar kuma ita ce wannan albasa da sunanta sun daɗe a gonaki da kasuwanni. Babu mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ya sare kan macijiya. Zuriya bayan zuriya ce ta ware kawunan albasa masu kyau ta bar su su yi iri.

A farkon shekarun 2020 OAPI ta yi wa albasar Galmi rajistar da ke ɗaure sunan amfani da ƙasar da ta fitar da shi, irin wadda barkonon Penja na Kamaru ya samu a 2013. Irin wannan shaida ta jama'a ce, kamfani ɗaya ba ya mallakar ta. Amma ita ma tana da nata tambayar rijiya, domin buhun da ake kira Galmi a kasuwar Akra yana iya kasancewa daga Madawa ko Tamaske ko Keita aka ɗauko shi, manomin can kuma yana sayar da guminsa ne da sunan garin da ba nasa ba. Yadda aka shata iyakar yankin da ke da haƙƙin sunan, da waɗanda ke zama a kwamitin da ke duba buhuna, su za su nuna ko manomin Tamaske yana cikin masu rijiyar ko yana cikin masu jiran Juma'a.