Astoriya: Sunan Attajiri da Haƙƙin Ma'abota Kogi

A bakin Kogin Kolombiya, inda ruwansa ke kwarara cikin Tekun Pasifik a jihar Oregon ta Amurka, akwai wani gari mai tashar jiragen ruwa da ake kira Astoriya, wanda marubuta tarihi suka saba jingina asasinsa ga attajirin nan haifaffen Jamus, John Jacob Astor, alhali kuwa shi bai taɓa taka ƙasar wurin da ƙafarsa ba. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne cewa tijarar da ta haifi garin ta girmi kamfaninsa nesa ba kusa ba, kuma duk wanda ya je ziyara bai san haka ba, rabin labari kawai ya ji.

Niyyar Astor mai faɗi ce: a sayi fatun dabbobin ruwa masu laushin gashi daga hannun 'yan ƙasa, a yi safararsu zuwa Kanton ta ƙasar Sin, a musanya da shayi da alharini, sannan a kai Niyok a ci riba. A watan Maris na 1811 jirginsa mai suna Tonquin ya iso bakin kogin, inda yashi ya taru kuma igiyar teku ke karo da ruwan kogi da ƙarfi mai ban tsoro, har mutum takwas suka halaka wajen neman mashiga tun kafin a kafa ko da dirka ɗaya. Bayan 'yan watanni jirgin kansa ya tarwatse a gaɓar tsibirin Bankuba, sakamakon husuma da mutanen wurin. Da yaƙin 1812 ya ɓarke tsakanin Amurka da Ingila, wakilan Astor suka sayar da sansanin da suka kafa a bakin kogin ga kamfanin North West a 1813, aka sake masa suna Fort George. Bilhasali dai, shekara uku cur kamfanin Astor bai cika a wurin ba.

To, da wa aka yi cinikin? Da al'ummar Chinook da Clatsop, waɗanda tun kafin Kyaftin Robert Gray ya shigo kogin a 1792 suke riƙe da ragamar fatauci tsakanin gaɓar teku da cikin ƙasa, suna dillancin busasshen kifi da kwale-kwale da ƙwanson teku da ake ciniki da shi. Matsayin shugaban Chinook, Comcomly, ya yi kama da na fatoma a zango, wanda baƙon falke ba ya saye ba ya sayarwa sai ta hannunsa. Kuma saboda sanin haka ne wakilin kamfanin, Duncan McDougall, ya nemi auren 'yarsa a 1813. Ba don abincinsu da masaniyarsu da halin kogin ba, da wuya a ce sansanin ya ga damina ta biyu.

Abin da ya raya garin daga baya shi ma kogin ne, wato kifin salmon da aka riƙa cusawa a gwangwani a masana'antun da ke kan gaɓa, inda mutanen Finlan da Sin suka zuba guminsu, da kuma katako.

Mai ziyara a yau zai ga gadar da aka buɗe a 1966, mai tsawon fiye da kilomita 6, da gidan tarihin sufurin ruwa, da sansanin Clatsop da aka sake ginawa inda ayarin masu binciken ƙasa Lewis da Clark suka yi hunturun 1805. Amma wurin da ya fi cancantar tsayawa da nazari shi ne hasumiyar da aka gina a 1926 bisa tudun Coxcomb, da gudummawar Vincent Astor na zuriyar attajirin, mai matakala 164, wadda aka zana tarihin yankin a jikinta yana nannaɗe daga ƙasa zuwa sama. A gefenta, can ƙasa, akwai siffar kwale-kwalen jana'iza da aka yi da siminti domin tunawa da Comcomly, wanda annobar zazzaɓi ta kashe a 1830 tare da ɗimbin jama'arsa. Wannan rabon daraja, a ganina, babu adalci a cikinsa, musamman idan aka yi la'akari da cewa gwamnatin tarayya ta amince da Chinook a matsayin al'umma mai haƙƙi a 2001, sannan ta janye amincewar a 2002, kuma zuriyarsu na nan suna neman a mayar musu da ita.