Gidajen sake tsugunarwa bayan ambaliya da zaizayar ƙasa: inda Gombe ta tsaya

Gidajen sake tsugunarwa rukunin gidaje ne da ake ginawa a wuri guda domin al'ummar da ruwa ya raba da muhallinta. A garuruwan bakin teku, irin su Ayetoro ta Jihar Ondo, teku ce ke cinye ƙasa. Gombe ba ta da teku, kwari ne matsalarta: ruwan sama kan gangaro daga tudun Akko da ke yammacin gari, ya ratsa ƙasa mai rairayi, ya yi ta cin gindin gidaje har su rufta. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 gine-gine suka yawaita, filayen da ke shanye ruwa suka ragu. Ambaliyar watan Agustan 2004 ta ci rayuka da gidaje masu yawa.

Abu na farko a irin wannan aiki shi ne hanyar ruwa. Ana auna gangaren fili, a fitar da magudanai, a ɗaga harsashi, kafin a zo maganar ɗakuna. A Makoko ta Legas, Kunlé Adeyemi ya gina makaranta a kan gangunan roba a 2013 domin ta riƙa tashi da ruwa. Ta rushe a watan Yunin 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi, abin da ya sa masana suka ƙara mayar da hankali ga kula da gini bayan an miƙa shi.

Fasalin gidan kuwa ya fi wuya. Tsarin unguwar GRA, mai faɗin filoti da bishiyoyi da gida ɗaya a tsakiyar katanga, yana barin ƙasa ta sha ruwa, amma ba na mai mata biyu da surukai da awaki ba ne. Idan aka ƙanƙance shi zuwa ɗaki biyu da falo, sai magidanci ya toshe tsakar gida da ƙarin ɗakuna, wani lokaci har kan magudana. A Ngarannam ta Ƙaramar Hukumar Mafa a Borno, inda rikicin Boko Haram ne ya tashi mutane ba ruwa ba, Tosin Oshinowo ta fara da jin ta bakin mazauna, ta sanya zaure a gidajen, aka haɗa da makaranta da kasuwa da asibiti. UNDP da gwamnatin jihar suka buɗe rukunin a 2022.

A Gombe, ƙarfin aikin ya fi karkata ga toshe kwaruruka, kamar na GSU zuwa Malam Inna a ƙarƙashin NEWMAP da na FCE(T) a ƙarƙashin ACReSAL, shirin Bankin Duniya na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Wanda gidansa ke bakin kwari kuwa, tambayoyinsa biyu ne: nisan sabon wurin da kasuwar da yake nema, da sunan da za a rubuta a takardar mallaka.